Turanci Tun Daga Goyo, Ko Hausa Tukuna? Zaɓin Iyayen Yara A Kaduna

Ma'auratan da suka yi boko a Kaduna, da zarar an yi suna an watse, akwai shawarar da ke jiransu, ko sun zauna sun yi ta ko ba su zauna ba: da wane harshe za a riƙa yi wa yaron nan magana a gida? Wasu sun yanke cewa Turanci za a yi masa tun yana goye, Hausa kuwa ba sai an koya masa ba, zai tsince ta a waje. Wasu suka ce Hausa a gida, Turanci aikin makaranta ne, ai don shi ake biyan kuɗin zango. Akwai kuma 'yan tsiraru da suka raba aikin, uba ya riƙe harshe ɗaya, uwa ta riƙe ɗaya. Duk burinsu guda ne, yaro ya tashi da Turanci mai kyau ba tare da ya zama baƙo a cikin danginsa ba. Sai dai hanyar da ta dace da gidan da ke Barnawa ba lalle ta dace da na Rigasa ba.

Masu Turanci tun daga goyo ba ƙin Hausa suke yi ba, kamar yadda ake yawan yi musu gori. Halin ƙasa suka duba. Yaron da bai samu kiredit a Turanci ba a WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya cinye lissafi da kimiyya. A jarrabawar JAMB ɗalibi yana zaɓar darussa uku gwargwadon abin da zai karanta, na huɗun kuwa Turanci ne, dole. Ga kuma Kaduna ita kanta, wadda ba Kano ba ce, ba Katsina ba. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin ya tara Gbagyi da aka tarar a wurin, da Hausawa, Fulani, Nufawa, Yarbawa, Ibo, Bajju, Atyap, Ham, Adara da wasu da yawa. A irin wannan gari, wanda bai iya Turanci ba iyakarsa a ofis a bayyane take.

Gwamnati ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba balle iyaye su jingina da ita. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankin da yake zaune, sai a tsakiyar firamare a koma Turanci. A ƙarshen 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka amince a miƙa harshen uwa har ƙarshen shekara shida ta firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawa. Ni dai hujjar ba ta shige ni ba, don yaran da suka shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare ba su gama ba a lokacin, balle su zauna WAEC. Amma makarantun kuɗi na Kaduna dama ba su taɓa jiran wata manufa ba. Turanci suke yi tun daga nazare, wasu har tara suke cin yaron da aka kama yana “banakula”.

Babbar hujjar masu Turanci tun daga goyo ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ya kamata a san iyakar gaskiyar. Abin da ƙuruciya take bai wa yaro kyauta shi ne kunne da lafazi. Binciken Janet Werker da Richard Tees a Kanada a 1984 ya nuna jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya fara karkata ga sautukan harshen da ake yi a kusa da shi kawai. Shi ya sa Bahaushen da ya fara Turanci da girma yake shan fama wajen raba p da f, shi ya sa kuma baƙon da ya koyi Hausa da gemunsa ba kasafai ƙ da ɗ da ɓ suke zauna masa ba.

To amma lafazi ba shi ne harshe ba. A 1978 Catherine Snow da abokiyar aikinta suka bi masu jin Turanci da suka koma ƙasar Holan da zama, yara da manya, suna auna yadda suke koyon harshen ƙasar. A watannin farko matasa ne a gaba, manya na biye, ƙananan yara ne a baya. A Barcelona, Carmen Muñoz ta kwatanta ɗaliban da suka fara darasin Turanci suna da shekara takwas da waɗanda suka fara suna da sha ɗaya, bayan kowa ya samu awoyin karatu daidai da na ɗan'uwansa, sai ga shi waɗanda suka fara a makare ba a bar su a baya ba, a abubuwa da dama ma sun fi. Wani babban bincike na 2018 da ya tattara amsoshin mutane kusan 670,000 ta intanet ya nuna ƙarfin koyon nahawu yana nan daram har wajen shekara 17, ko da yake mai son ya zama tamkar ɗan harshe gara ya fara kafin shekara goma. Wato ƙofar ba ta rufewa a shekara uku, kamar yadda wasu masu makarantu suke tsoratar da iyaye ranar neman gurbi. Mu a Kaduna ma ba sai an kawo mana labarin Holan ba. A shiga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Panteka a saurari Ibon da ya zo garin nan da ƙarfinsa yana ciniki da Hausa har da karin magana, ko a dubi samarinmu da suka tafi Madina da Sudan karatu suka dawo suna huɗuba da Larabci.

Inda hanyar Turanci tun daga goyo take yawan karyewa ba a wurin yaron ba ne, a wurin iyayen ne, kuma wannan ne abin da ba a son faɗa. A saurari Turancin da ake yi wa ɗan shekara uku a gidaje da yawa: zo nan, zauna, bari, cinye abincinka, zan zane ka. Umarni ne zalla, kalmomin ba su wuce a ƙirga ba, kullum su ake juyawa. Sai maƙwabciya ta yi sallama, uwar ta juya Hausa, nan take bakinta ya buɗe: labarin biki, da habaici, da kwaikwayon muryar uwar ango, da dariya har da tafawa. Duk wannan arziki ta saman kan yaron yake wucewa, don ba da shi ake ba. Da ya tambaye ta me ya sa hadari yake yin baƙi kafin ruwa ya sauko, ko ina Kaka ya tafi da aka ce ya rasu, sai ta ba shi amsar kalma uku ta rufe zancen, ba don ba ta sani ba, sai don Turancinta bai kai can ba. Yaro kuwa da yawan magana da zurfinta yake gina tunani. Uwar da ta ajiye harshen da take da dubban kalmomi a cikinsa ta ɗauki wanda take da 'yan ɗaruruwa, ta rage wa ɗanta abin da zai ji, kuma kurakuran Turancinta ne zai fara haddacewa, malami ya zo yana kankarewa daga baya.

Wasu sukan ce ai katun zai cike giɓin. Patricia Kuhl ta gwada wannan a Amurka a 2003. Jarirai 'yan wata tara aka kasa: wasu aka zaunar da su da mutum yana yi musu wasa da karatu da harshen Sin, zama goma sha biyu, wasu aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin suna faɗar abu iri ɗaya. Na farkon suka kama sautukan harshen, masu kallon talabijin kuwa kamar ba su taɓa ji ba. Yaron da ya ɗan tasa yana tsintar kalmomi a katun, babu musu, amma waya ba ta amsa tambaya, ba ta kuma lura ko ya gane.

Sai kuɗin da ake biya ta ɓangaren dangi. Kowa ya taɓa ganin irinsa ranar Sallah. Kaka ta zo daga Zariya, ta miƙa hannu tana cewa, “Zo nan maigidana, yau ko cefane ba ka ba ni ba, kishiya ka yi mini ne?” Yaron ya laɓe bayan uwarsa yana kallonta. Uwar ta yi dariyar kunya ta ce, “Hajiya, ai yana ji, mayarwa ce ba ya iyawa.” Wasan jika da kaka ya mutu a nan, don ba a yin sa da tafinta. Ba gaisuwa kaɗai ta tafi ba. Sanin wanda ake ce wa ku da wanda ake ce wa kai, da yadda ake amsa kiran babba, da abin da ake faɗa a gidan gaisuwar rasuwa, duk a cikin harshen suke zaune.

Hausa a gida, Turanci a makaranta, tana da hujja mafi ƙarfi da aka taɓa gwadawa a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani gwaji: wasu yara aka koyar da su komai da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun malaman da aka horar don shi, wasu kuma aka bi da su yadda aka saba, a koma Turanci bayan shekara uku. Da aka auna, 'yan Yarbancin ba su gaza a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun fi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane cewa harafi sauti yake wakilta, ya iya bin labari daga farko zuwa ƙarshe, ya san me ake nufi da rabawa da ninkawa, ba zai sake koyon waɗannan daga tushe ba in ya koma Turanci, sunayensu kawai zai sauya. Jim Cummins na Kanada ya daɗe yana bayanin wannan, shi ne kuma ya nuna cewa Turancin hira yana samuwa cikin kamar shekara biyu, amma Turancin karatu, wanda ake amsa tambayar jarrabawa da shi, yana cin shekara biyar zuwa bakwai. Iyaye da yawa na farkon suke ji a bakin yaro su ɗauka an gama.

Hausa tana da wata fa'ida a nan da ba a cika lura da ita ba. Rubutunta na boko kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, wasula biyar ne, yaro yana gane ba, bi, bu ya kama hanya. Rubutun Turanci kuwa cike yake da tarko, harafi ɗaya ya yi sauti uku, wani a rubuta shi ba a furta ba, har yaran Ingila kansu sun fi takwarorinsu na yawancin ƙasashen Turai daɗewa kafin karatu ya zauna musu. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, duk a kan wannan aka gina su: a buɗe wa yaro karatu da Hausa, sannan a haye da shi.

Amma kada a ruɗi kai, wannan hanya tana da nata ramin, kuma mai zurfi ne. Gaba ɗayanta ta dogara ne a kan cewa makaranta za ta yi nata aikin. Gwajin Ife ya yi nasara da littattafan da aka tsara musamman da malaman da aka horar, ba da fatan alheri ba. A Kaduna kuwa ba a manta da 2017 ba, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka shirya jarrabawar har ta tafi yajin aiki, amma ko wane gefe mutum ya tsaya, ya san akwai azuzuwan da ba za a miƙa musu yaro a juya baya ba. Makarantun kuɗi na cikin unguwa ma da yawa wanda ya gama sakandare jiya ne Anti ko Onkul a yau. Uban da ya ce “Turanci aikin makaranta ne” ya naɗe hannu, yana iya farkawa ɗansa yana aji shida bai iya rubuta wasiƙar layi biyar ba. Kuma Hausar gida ita ma tana iya zama ta umarni zalla, in uba yana majalisa har dare, uwa tana kan waya. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya ɗauki nauyin abu biyu: hira da tatsuniya da karatun Hausa a gida, da kuma littafin labari na Turanci da za a zauna a karanta tare, ko na minti goma sha biyar ne bayan Isha.

Abin da zai raba gardamar ga yawancin gidaje shi ne unguwa. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 zaman garin ya rabu, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. A Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Sanusi, Kawo, Badarawa ko Hayin Banki, Hausa ce a titi, a shago, a masallaci, a filin ƙwallo. A nan maganar “zai tsince ta a waje” gaskiya ce, in dai ana barinsa ya fita wajen. Turanci ne marar gata, shi yake bukatar a yi masa tanadi. A Barnawa, Narayi ko Sabon Tasha kuwa, da cikin barikoki, da sababbin rukunin gidaje masu geti inda yaro daga mota sai aji sai falo, Turanci da Buroka ne suke yawo, Hausa ba ta da wani wurin zama in ba gida ba. Annick De Houwer ta bincika iyalai kusan 1,900 masu harshe biyu a Beljiyam, ta samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran ba sa magana da harshen gidansu, kuma inda harshen ya fi tsira shi ne inda uwa da uba duka suke yin sa a gida. Ƙa'idar da za a ɗauka a nan mai sauƙi ce: harshen da waje ba ya bayarwa, shi gida zai ba wa ƙarfi. Abin mamaki, a Kaduna akasin haka aka fi yi. Gidajen da ke bayan geti, inda Hausa ta fi bukatar gata, su ne suka fi komawa Turanci zalla.

Raba aiki tsakanin uwa da uba yana yiwuwa, amma da sharaɗi. Mai riƙe Turancin ya kasance ya iya shi har cikin ciki, yana iya wasa da rarrashi da ba da labari da shi, kuma yana zama a gida. Uban da yake Abuja Litinin zuwa Juma'a, sai jirgin ƙasa ya sauke shi a Rigasa ranar Juma'a da yamma, ba zai riƙe wa yaro harshe da kwana biyu a mako ba. Inda ya fi yin kyau shi ne gidan da dama harshe biyu ne, kamar uwa Bafulatana ko Bayarba, uba Bahaushe. A nan ma shawarata ita ce kowa ya ba yaron nasa, a bar Turanci ya shigo ta makaranta da littafi. Tsoron cewa harsuna za su cakuɗe masa ba shi da tushe. Tun binciken Peal da Lambert a Montreal a 1962 aka fara watsar da zancen cewa harshe biyu yana dakushe ƙwaƙwalwa. Yaron da ya haɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya ba ruɗewa ya yi ba, Ingausar da ya ji a bakinmu ce yake mayarwa. In kuwa ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu a kowane harshe, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, asibiti za a kai shi a duba kunnensa, ba harshe ɗaya za a janye masa ba.

Kusan duk yaranmu ma harshe uku suke ɗauke da shi, don ga Larabcin Islamiyya da yamma. Shi kansa darasi ne ga mai lura. Yaro ɗan shekara bakwai yana fitar da haruffan maƙogwaro tsaf, ya ba kowane harafi haƙƙinsa fiye da babansa, amma ba zai iya tambayar ruwan sha da Larabci ba sai an koyar da shi harshen a matsayin harshe. Fara abu da wuri yana gyara baki. Fahimta kuwa sai an yi mata aiki dabam, kuma malaman Islamiyya da Hausa suke yin wannan aikin in sun zo fassara da fiƙihu. Yaron da ba shi da Hausa mai ƙarfi, a nan ma yana zaune ne kawai.

Saboda haka ga inda na tsaya. In kuna arewacin gari, Turancinku na aiki ne ba na hira ba, ku yi Hausa da yaro ba tare da jin kun tauye shi ba, kuɗin da himmar ku zuba su a zaɓen makaranta da littattafai. In kuna kudancin gari ko bayan geti, Hausa a gida ta zama doka, ku biyun duka, ko da ya amsa da Turanci a ci gaba da yi masa Hausa, dogon hutu kuma a tura shi wurin kakanni inda ba mai yi masa tafinta. Turanci zalla a gida ban ga wanda ya dace da shi ba sai wanda ya haɗa abu biyu: Turancin da ya fi Hausarsa ƙarfi da gaske, da gida mai cike da dangi da za su riƙe wa yaron Hausa. Irin waɗannan gidaje ba su kai yawan masu bin hanyar ba.

Wajen zaɓen makarantar kuma, kada a tsaya ga 'yan nazare da aka jera suna rera waƙar Turanci a gaban baƙi. A nemi izinin shugaban makaranta a shiga aji uku, a buɗe littafin karatunsu a shafin da ba su kai ba, a ba yaro ɗaya daga layin baya ya karanta sakin layi guda. In ya gama a tambaye shi, da Hausa ko da Turanci, wanda ya fi masa sauƙi, me ya faru a labarin, wa ya yi, don me. A kuma tambayi malamar ajin abin da take yi in ta yi bayani sau biyu da Turanci yaro bai gane ba. In ta ce takan juya masa da harshen da yake ji sannan ta dawo, a tambayi kuɗin zango. In ta ce an hana, a tambaye ta to me take yi a madadin haka.